Mushe, Ni Ba Ka Tambaye Ni Ba

Akwai wata al'ada da na daɗe ina yi a ajina. Duk shekara idan watan Mayu ya kama, zafi ya hana yara sauraron lissafi bayan rekreyasiyo, sai in ajiye alli in bi su layi-layi ina tambayar kowa abin da yake so ya zama idan ya girma. Amsoshin ba su cika canzawa ba. Wannan soja, wannan ɗan duwan, waccan ungozoma, wancan direban babbar mota mai zuwa Kwatano. Wani ma ya taɓa ce mini shi Alhaji kawai zai zama, aji ya kwashe da dariya har da ni.

A wata shekara ina riƙe da ajin CM1 a wani gari na jihar Maraɗi, yara 70 da ƴan kai. Na bi layin farko, na shiga na biyu, da na zo kan wani yaro sai na tsallake shi na tambayi na kusa da shi. Da gangan na yi. A zuciyata tausayi ne, don na san ciwon da yake fama da shi, na ɗauka tambayar za ta sosa masa rai. Da aka tashi kowa ya watse, sai na gan shi tsaye a bakin teburina yana murza igiyar jakarsa.

"Mushe, ni ba ka tambaye ni ba."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce mantawa na yi, to ya faɗa mini yanzu. Ya girgiza kai.

"Bar shi, Mushe. Na san dalili. An ce irinmu ba su kai shekara ashirin."

Shekararsa 11 a lokacin. Ya faɗi maganar kamar mai ba da labarin farashin gero a kasuwa, ya rataya jakarsa ya fita. Ni kuwa na daɗe a zaune ban iya kulle ajin ba.

A gida Auta ake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Yana da ciwon amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila, mu nan kuma muka fi saninsa da emasi. Na haura shekara 20 ina koyarwa, babu ɗalibin da na yi wa kuskure irin wanda na yi wa yaron nan. Sau biyu na yi masa, na farko cikin rashin sani, na biyu da kyakkyawar niyya. Abin da ya sa nake fallasa kaina shi ne na tabbata akwai irin Auta a azuzuwa da gidaje da yawa daga Tawa har Damagaram, kuma yawancinmu, malamai da iyaye, ciwon ƙashinsu kaɗai muke lura da shi.

Da aka shiga lakwal a watan Oktoban wannan shekarar, shi ne mafi ƙanƙanta a ajin, siriri, farin idonsa da ɗan ruwan ɗorawa. Kafin ƙarfe 10 ya ɗaga hannu sau biyu ko uku yana neman fita fitsari. Duk malamin da ya taɓa riƙe yara 70 ya san wannan dabarar, ka bar ɗaya goma su biyo baya. Wata rana na ce babu inda za shi sai an tashi rekreyasiyo. Bai yi gardama ba. Can sai na ji ƴan layinsa suna ƙus-ƙus suna ɗaga ƙafafu. Ya jiƙa wandonsa. Aji ya ɗauki ihu, shi kuma ya sunkuyar da kai, ko ɗigon hawaye babu. Na tsawata wa yaran, na sallame shi gida, amma a raina na ce ƙato kamar wannan ba ya da uzuri.

Da hunturu ya sauka a watan Disamba, wata safiya mai iska na same shi ya kifa kai a kan tebur ana tsakiyar dikte. Na ce ya miƙe, ya ce ƙafafunsa ke ciwo. Na duba, ba rauni ba kumburi, kuma jiya-jiyan nan na gan shi yana gudu a fili. Na ce lalaci ne, na fitar da shi ya durƙusa a bakin ƙofa, cikin wannan iskar, da ƴar rigarsa mai gajeren hannu. Bai wuce minti 20 ba. Washegari bai zo ba. Kwana 9 ya yi a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa da allurar rage zafin ciwo.

Mahaifiyarsa ce ta zo lakwal, ta tsaya daga bakin aji da lulluɓinta. Na shirya jin faɗa, sai ta gaishe ni cikin ladabi ta ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba. Laifinmu ne da ba mu gaya maka ba. Babansa ne ya ce kada a faɗa, don kada a riƙa nuna shi da baki." Ta ce biyu daga cikin yayyensa da wannan ciwon suka tafi, ɗaya tun bai fara tafiya ba, ɗayar tana shekara 7.

A makarantar horar da malamai an koya mana shirya darasi, an koya mana yadda hankalin yaro ke bunƙasa, amma ban tuna ranar da aka ambaci wannan ciwon ba. Don haka da yamma na tafi wurin majon garin na ce ya koya mini. Ya juya bayan wata takarda ya zana. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan hanyoyin jini ba tare da wahala ba, kuma kowace tana yin kusan kwana 120. Na mai emasi kan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su cushe hanya. Inda jini ya kasa isa nan ciwo ke tashi, a ƙashi, a baya, a ciki ko a ƙirji, kuma sau da yawa ido ba ya ganin komai daga waje. Ƙwayoyin kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, yana saurin gajiya, idonsa na yin ɗorawa. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, aikin ƙarfi da tashin hankali duk suna iya tayar da ciwon. Ƙodarsa kuma tana zubar da ruwa fiye da ta sauran yara, ga shi an umarce shi ya yawaita sha, saboda haka yawan fitsarin nan ba yin kansa ba ne. Da majo ya zo nan sai na tuna da jiƙaƙƙen wandon nan, na kasa haɗa ido da shi.

Na fito daga wurinsa na rantse ba zan sake cutar da yaron nan ba, kuma daga rantsuwar na faɗa kuskure na biyu. Ranar da ya dawo, ban shawarce shi ba, ban shawarci iyayensa ba, na tsayar da shi a gaban tablo na yi wa aji jawabi. Na ce ɗan'uwanku ba ya da lafiya, ciwonsa babba ne, kada wanda ya ture shi, kada wanda ya sa shi gudu, ku riƙe shi kamar ƙwai. Kafin a tashi rekreyasiyo sunansa ya koma Ƙwai. Da bakina na raɗa masa.

Na cire shi daga masu shara da masu ɗebo ruwa. In an fita motsa jiki sai in ce ya zauna a gindin bedi ya tsare mana jakunkuna. In bai yi aikin gida ba in ce ba komai. Na daina tura shi tablo, na daina jefa masa tambaya, a kompozisiyo ma nakan ƙara masa maki biyu ko uku. Wasu yaran suka daina shan ruwa da kofin da ya sha, don a tunaninsu ciwon da Mushe ya yi wa jawabi haka lallai ana ɗaukarsa. Ƴan balo suka daina kiransa. Yaron da a da yake cikin goma na farko duk da kwanakin da yake rasawa, sai ga shi ya gangara ƙasa. Kayensa ya cika da shafukan da aka fara ba a gama ba. Ina ganin haka ina cewa Allah sarki, ciwo ke cin sa.

Haka muka tafi har ranar nan ta watan Mayu. A zaman da na yi ni kaɗai a ajin na gane cewa duk abin da nake yi tun Janairu magana ɗaya yake faɗa wa yaron, wato ba a sa ran komai daga gare shi. Yaron da ake sa ran zai girma shi ake matsa wa ya yi aikin gida, shi ake tura wa tablo, shi ake tambaya me zai zama. Ni da nake ganin ina lallaɓa shi, ashe ina sa hannu ne a kan hukuncin da ya riga ya ji a wani wuri.

Washegari na riƙe shi bayan an tashi, na ba shi haƙuri. Ya zaro ido, don ba a saba jin Mushe yana ba yaro haƙuri ba. Na tambaye shi wa ya gaya masa zancen shekara ashirin. Ya ce ba wanda ya gaya masa, ji ya yi. "In ina kwance mutane na zuwa dubiya, suna tsammani barci nake."

Dubiya kyakkyawar al'ada ce, amma mukan manta cewa mara lafiya na da kunne, balle yaro. A gefen tabarmarsa ake zama a ba da labarin ɗan wane da ya rasu da irin wannan ciwon. A kansa gwaggonsa ta ce wa uwarsa ta daina wahalar da kanta da sayen kaye da bik, wannan ai baƙo ne. A kansa wata tsohuwa ta ce ɗan wabi ne, shi ke tafiya yana dawowa. A kansa aka yi lissafin akuyar da aka sayar da geron da aka fitar daga rumbu don biyan magani da kuɗin kabu-kabu. Ya ji daren da mahaifinsa ya ce su a danginsu ba a san wannan ciwon ba, ya kuma ji kukan mahaifiyarsa bayan nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce sau da yawa ciwon tun dare yake fara masa, sai ya cije bakin bargo ya yi shiru, don in ya faɗa za a sake kashe kuɗi, kuma Inna za ta yi kuka. Ranar da na durƙusar da shi ma haka aka yi. Tun asuba yake ji, ya lallaɓo lakwal don kada a gane a gida. Yaro ɗan shekara 11 ya ɗauki kansa a matsayin asarar gidansu, yana ƙoƙarin rage musu ita da jikinsa. Wannan ɓoyon kuwa haɗari ne, domin ciwon da aka tara da wuri da ruwa da ɗumi da magani ya fi saurin kwantawa.

Ya kuma ce mini yana tsoron watannin sanyi. Sauran yara na murnar hutun Disamba, shi yana ƙirga kwanaki yana jiran abin da zai zo. Ko ranar da yake lafiya lau, rabin hankalinsa na kan jikinsa, yana sauraron ko wani ƙashi zai motsa. Na sha ganinsa yana kallon tablo alhali ba ya tare da mu, ina cewa shashanci ne.

Tun daga lokacin idona ya buɗe, na fara ganin irin wannan nauyin a wasu yaran. Na san yarinyar da ba ta yarda ta kwana a gidan biki ko gidan kakarta, don har ta kai shekara 12 tana fitsarin kwance, wanda shi ma ciwon ke kawo shi, ana yi mata gori da duka. Na san saurayin kolaj da sa'o'insa muryarsu ta buɗe shi yana nan kamar ɗan CM2, don ciwon na jinkirta girma da balaga, har ya daina zuwa majalisarsu. Na ji ana cewa a gaban budurwa, wannan wa zai aure ta ya ɗauki jinya. Ƴan'uwansu masu lafiya ma suna da nasu ƙorafin da ba su faɗa, don kullum nama da kulawa na wajen mara lafiya, in suka yi magana a ce ba su da tausayi.

Da shekara ta zagayo na roƙi darakta ya bar ni in bi ajin zuwa CM2, ya yarda. Abu na farko da na yi shi ne abin da ya kamata in yi tun farko, na tambayi Auta abin da shi yake so. Bai yi dogon tunani ba. "Kada ka ƙara faɗin ciwona a gaban mutane. Ka maida ni cikin masu shara. Kuma ka bar ni in shiga balo."

Muka yi yarjejeniya tsakaninmu. In zai fita ba sai ya ɗaga hannu ba, ya ajiye bik ɗinsa a kan teburina ya wuce. Zancen ruwa kuma na maida shi dokar aji, kowane yaro ya zo da gorarsa, tunda a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 babu wanda ba ya buƙata. Na sauya wa layinsu gaba ɗaya wuri, shi ya faɗa nesa da taga ba tare da kowa ya lura ba. Muka ƙirƙiri alama da yatsu, daga ɗaya zuwa biyar. In ya nuna mini biyu, ya sha ruwa ya huta a wurinsa. In uku ce, in haɗa shi da wani ya raka shi gida. Daga huɗu sai likita. Ni kuma na yi masa alkawarin duk abin da ya nuna zan yarda, ba zan nemi shaida ba. Ban taɓa kama shi ya yi mini ƙarya da yatsun nan ba. Balo kuwa, bayan na shawarci majo, sai ya zama mai tsaron gida, ya sha ruwa kafin a fara, in ya gaji ya fita ba tare da an ce masa komai ba.

In ya kwanta, abokansa biyu ke kwafe masa darasi su kai masa, kuma na gargaɗe su kada su je suna yi masa sannu-sannu kamar tsofaffi, su ba shi labarin wanda aka kora da wanda ya ci balo. A darasin kimiyya na koyar da jini ba tare da na ambaci kowa ba, na bayyana cewa emasi gadonsa ake yi, ba a ɗaukarsa ta kofi ko ta zama tare. Sunan Ƙwai bai mutu rana ɗaya ba. Na riƙa hukunta mai faɗinsa kamar yadda nake hukunta kowane zagi, a hankali ya ragu.

Ranar da ba zan manta ba wata Litinin ce a watan Nuwamba. Ya zo bai yi aikin gida ba. Na ce, "Jiya ciwo ka yi?" Ya ce a'a. Na ce, "To me ya hana?" Ya yi shiru. Na hana shi fita rekreyasiyo, na zaunar da shi tare da wasu huɗu da su ma ba su yi ba. Huɗun sun tsuke fuska, shi kuwa yana rubutu yana murmushi.

Sai na koma wajen iyayensa. Na roƙi mahaifinsa su zo tare da mai ɗakinsa wurin majo, da ƙyar ya amince. Majo ya yi musu bayanin da ya kamata a yi musu tun haihuwar fari. Yaro ba ya samun wannan ciwon daga uwa kaɗai, sai ya gaji ƙwayar daga ɓangarorin biyu. Mai jinin AS yakan rayu lafiya lau, bai san yana ɗauke da komai ba sai in an yi masa awon jini. In miji da mata duk AS ne, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mahaifin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ashe har da ni." Matar ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka. Shekara 15 tana ɗauke da laifin da dangin miji suka ɗora mata ita kaɗai. Na roƙe su abubuwa kaɗan. Masu dubiya su yi hirarsu a tsakar gida ko a zaure. Lissafin kuɗin magani a yi shi inda ba ya ji. In ya yi tambaya a kan ciwonsa a ba shi amsa ta gaskiya daidai hankalinsa, domin shirun manya ya fi tsorata yaro. Kuma a gaya masa da baki cewa faɗin ciwo da wuri taimakon gida ne.

Saura zancen shekara ashirin, kuma ban so in yi masa ƙarya. Gaskiya ne ciwon na ɗauke yara da yawa a ƙasashenmu, musamman kafin su kai shekara 5, inda ba a gano shi da wuri ba. Gaskiya ne kuma babu wata shekara da aka yanka wa kowa. Da allurar rigakafi, da gidan sauro, da ƙwayar ƙarin jini ta folik asid, da gaggauta kai yaro asibiti in jikinsa ya yi zafi, da yawa suna girma su yi sana'a su yi iyali. Akwai ma maganin da ake kira haidroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, wanda likita ne kaɗai ke rubuta shi yana bin awon jini. Duk na faɗa masa wannan, ya saurara kamar yadda yara ke sauraron manya in sun san lallashi ake yi.

Abin da ya shige shi wani tela ne a garin, mai emasi, wanda majo ya nema mini izininsa. Mutum ne mai ɗingishi saboda ciwon ya taɓa masa ƙugu, ga ƴaƴa uku, ga yara masu koyon ɗinki a shagonsa. Na kai masa Auta wata Asabar. Yaron ya ƙura masa ido, can ya ce, "Baba, shekarunka nawa?" Ya ce arba'in da uku. "Kuma kana da shi?" Telan ya ja fatar idonsa ƙasa ya nuna masa ɗorawar, ya ce, "Ni ma haka aka yi ta faɗa a kaina, ɗana. Wasu daga cikin masu faɗin, ni na raka su makabarta." Ya yi dariya, Auta ma ya yi. Bai ɓoye masa komai ba, ya gaya masa daren da ya yi ta birgima, da shekarar da ya rasa a karatu. Ya kuma gaya masa yadda yake shirya wa hunturu da rigar sanyi da ruwan ɗumi tun kafin ya sauka. A hanyar komawa yaron ya yi ta surutu, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

Ƴan'uwana malamai, akwai gargaɗi guda da majo ya yi mini wanda ya kamata ku ma ku sani. Ba duk koma-bayan mai emasi ne damuwar zuciya ba. Ciwon kan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba, sai dai yaro ya fara mantuwa, rubutunsa ya lalace, abin da ya iya jiya ya gagare shi yau. In kun ga haka ku sanar da iyaye a kai shi a duba. In kuwa jikinsa ya yi zafi, ko ƙirjinsa na ciwo yana numfashi da ƙyar, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko bakinsa ya karkace, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, to ba a jiran tashi daga aji. Haka nan yaron da ya daina wasa, ya daina cin abinci, yana yawan ambaton mutuwa ko cewa gara ba ya nan, kada a ce shirme ne, a zauna da shi, a kuma sanar da likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai sama da 300,000 ake haifa da wannan ciwon duk shekara, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Yuni don tunawa da shi, kuma muna da cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma yawancin yaran nan ba za su taɓa taka cibiyar ba. Wanda suke gani kullum shi ne Mushe ko Madam, da Inna da Baba, da gwaggon da ke zuwa dubiya. Magani na wajen likita, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Abin da yaro zai ɗauka game da kansa kuwa daga bakinmu yake fitowa, kuma magana zarar bunu ce. Ni na ga abin da kalma ɗaya tawa ta yi cikin rabin safiya, na kuma ga watannin da na yi ina gyara ta.

Da watan Mayu ya sake zagayowa na ajiye alli na bi layi kamar kullum. Da na zo kansa na tambaye shi yadda na tambayi kowa. Ya miƙe ya ce majo zai zama. Na ce saboda me? Ya ce, "Don in yaro ya ce yana jin ciwo, in yarda da shi." Ajin bai gane ba, na wuce kan na gaba.

Yanzu shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na kolaj. Ya maimaita aji ɗaya saboda jinya, kuma hunturun da ya wuce sai da ya yi mako biyu a asibiti har da ƙarin jini. Ban san abin da Allah ya rubuta masa ba, kamar yadda ban san nawa ba. Makon jiya ya zo gidana bayan la'asar da gorarsa a hannu, yana neman tsofaffin takardun jarrabawar birebe. Na zazzage masa duk waɗanda nake da su. Ya duba na lissafi ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai mugunta ce. Na ce ya je ya yi su ya kawo mini ranar Asabar, kuma ba na son jin uzuri.